Filanja ta analog ko ta dijital: wacce ya kamata mai jitar lantarki ya saya?

Sallau_Jita, Kaduna

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina kaɗa jitar lantarki a wata ƙaramar ƙungiya da ke wasa a wuraren biki da tarurruka a Kaduna da kewayenta, kuma kayan aikina ba su wuce jita ɗaya, da fedar distoshin (feda ƙaramin akwati ne da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita, wannan tana sa shi gurnani), da fedar da ke maimaita sauti, da amfilifaya guda ba. Na daɗe ina sha'awar sautin filanja, musamman irin hucin nan mai tashi da sauka da ake ji a faya-fayan Turawa na shekarun 1970, kuma yanzu na tara ɗan abin da zai isa in sayi feda ɗaya.

Wani mai sayar da kayan kiɗa na hannu ya nuna mini guda biyu, dukkansu na kamfanin Boss: BF-2, wadda ya ce analog ce kuma an daina ƙera ta, da BF-3, wadda ya ce dijital ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsohuwar, duk da fentinta ya goge, ita ya fi tsawwala wa kuɗi, yana cewa analog ta fi zaƙi a kunne kuma masana ita suke nema. Da na gwada su a shagonsa da wata ƙaramar amfilifaya, ga hayaniyar kasuwa, na ji akwai bambanci, amma ban iya tantance ko bambancin ya kai a biya masa ƙarin kuɗi ba.

Ina roƙon waɗanda suka san kan abin su fayyace mini mene ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu a cikin na'urar, kuma ko kunne zai ji shi a filin biki inda ganguna da fiyano da janareto duk suke tashi lokaci guda. Sannan wacce ce ta fi jure irin wutar da muke samu, kuma a gaban fedar distoshin ake sa ta ko a bayanta? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya_Buba, Jos

Wa alaikumus salam, Malam Sallau. Gyaran amfilifaya da kayan kiɗa shi ne sana'ata, saboda haka ta cikin akwatin zan ba ka amsa, masu kaɗawa kuma su ƙara maka da abin da kunne ke ji.

Aikin kowace filanja guda ɗaya ne, ko analog ce ko dijital. Tana raba sautin jitarka gida biyu, ta bar ɗaya ya wuce yadda yake, ta jinkirta ɗayan da ɗan lokaci ƙanƙani, galibi tsakanin rabin milisakan (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) zuwa milisakan 10 da 'yan kai, sannan ta sake haɗa su. Idan suka haɗu, wasu muryoyin da ke cikin sautin suna ƙarfafa juna, wasu kuma suna kashe juna, kuma wuraren da suke kashe juna, waɗanda ake kira ramuka, a jere suke da tazara iri ɗaya. Idan jinkirin milisakan 1 ne, ramin farko yana faɗawa a 500 Hz (wato kaɗawar sauti sau 500 a daƙiƙa), na biyu a 1500, na uku a 2500, haka har sama. Idan jinkirin ya kai milisakan 10, ramukan suna sauka zuwa 50 da 150 da 250, su yi yawa su matsu. Fedar tana tsawaita jinkirin tana gajarta shi a hankali ba tsayawa, ramukan suna hawa suna sauka, kuma wannan tafiyar tasu ita ce hucin da kake sha'awa. Maɓallin Rate shi ne saurin tafiyar, Depth faɗinta, Manual wurin da take farawa, Res kuwa yawan sautin da ake mayarwa ciki ya sake zagayowa, wanda shi ke kaifafa ramukan har ka ji ƙarar jirgin sama.

Bambancin yana wurin yadda ake samar da jinkirin. Filanjar analog tana amfani da wani aisi, wato ɗan guntun na'urar lantarki da ke kan allon ciki, da ake kira BBD, wanda Sangster da Teer suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Philips a 1969. A cikinsa akwai ƙananan kafasita jere, 1024 a cikin MN3207 da ke cikin BF-2, kuma wani agogon lantarki yana umartar kowacce ta miƙa wa ta gaba cajin da take riƙe da shi, kamar yadda mutanen unguwa ke jeruwa suna miƙa wa juna bokitin ruwa hannu da hannu idan gobara ta tashi, inda a kowane miƙo sai ɗan ruwa ya zuba. Wannan ɗan abin da ke zuba shi ne asalin halin analog: sautin yana fitowa da ɗan shuu, da ɗan ƙazanta, kuma samansa ya dushe. Lissafin jinkirin mai sauƙi ne, wato yawan kafasita a raba da ninki biyu na saurin agogo. Agogo mai gudu 40 kHz yana ba da milisakan 12.8, mai gudu 500 kHz kuma yana ba da kusan milisakan 1, kuma tsakanin waɗannan biyun ne BF-2 take kai da komo.

A nan akwai abin da masu sayarwa ba su faɗa, don ba su san shi ba. Da yake saurin agogon ne ke canzawa, ingancin sautin da aka jinkirta ma yana canzawa tare da tafiyar: idan ta hau sama agogo yana gudu, sautin ya washe, idan ta sauko agogo ya lafa, sautin ya yi duhu. Bugu da ƙari, dole mai ƙira ya sa matata kafin aisi ɗin da bayansa domin kada ƙarar agogon ta fito a sifika, kuma matatar tana yanke sama-saman sautin. Amfanin wannan yana bayyana ne idan ka murɗa Res da yawa, domin duk zagayen da sautin ya yi sai an ƙara rage masa kaifi, shi ya sa filanjar analog takan yi kuka mai kauri maimakon ta soki kunne. Abin da mai shagon ya kira zaƙi ke nan, kuma gaskiya ne akwai shi, sai dai ba sihiri ba ne, nakasu ne da ya dace da kunne.

Ita kuwa dijital tana mayar da sautin lambobi, ta ajiye su a ma'adana, ta karanto su bayan ɗan lokaci, kuma saurin ɗaukar sautin ba ya canzawa ko tafiyar tana sama ko tana ƙasa. Idan jinkirin da ake so ya faɗa tsakanin lambobi biyu, sai na'urar ta ƙiyasta abin da ke tsakani, kuma kyan wannan ƙiyasin yana cikin abin da ke raba feda mai kyau da marar kyau. Sakamakon shi ne sauti mai tsabta, ramuka masu zurfi har can sama, babu shuu sosai. Idan mai rubuta manhajar bai rage kaifin sautin da ake mayarwa ciki ba, shi ne kake jin wannan ƙarar ƙarfe da mutane ke ƙorafi a kanta, su ɗora wa dijital laifi gaba ɗaya, alhali laifin mai ƙira ne.

Kada kuma ka ɗauka duk analog uwa ɗaya uba ɗaya suke. Electric Mistress ta kamfanin Electro-Harmonix, wadda David Cockerell ya ƙera a tsakiyar shekarun 1970, da MXR M117, dukkansu da aisi ɗin Reticon SAD1024 aka fara yin su, amma ta farkon siririya ce mai walƙiya, har mutane da yawa suna jin jitar Andy Summers na ƙungiyar The Police su zaci koras ce, wato fedar da ke sa jita ɗaya ta yi kama da jitoci da yawa, ta biyun kuwa mai kauri ce da gurnani, irin wadda aka san Eddie Van Halen da ita. A/DA Flanger ta 1977 ta fi su duka faɗin tafiya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun ta fi tazarar da ke tsakanin BF-2 da BF-3 idan an saita su a hankali.

Ta fuskar gyara, analog ta fi mini sauƙi, domin ina iya bin sautin da na'urar awo daga ƙafa zuwa ƙafa har in kama inda ya tsaya, kuma ko da yake Panasonic ya daina yin MN3207, kamfanin Coolaudio yana yin V3207 da ke zama a gurbinsa. SAD1024 ne ya yi wuya, ga tsada, ga jabu. Dijital ba ta cika lalacewa ba, amma ranar da babban aisi ɗinta ya ƙone, a mafi yawan lokuta sai dai a cire jak da maɓallai a yi wa wata fedar amfani da su.

Rahila_Situdiyo, Abuja

Baba Injiniya ya gama magana a kan cikin akwati, ni kuma zan ɗan ja da shi a kan inda maganar ta karkata, domin mai karatu zai iya fita da tunanin cewa analog ce asali, dijital kuma kwaikwayo ce. Tarihin bai nuna haka ba. Asalin wannan sautin ba a feda yake ba, a situdiyo yake, inda ake kunna na'urorin tef guda biyu ɗauke da sauti iri ɗaya, injiniya ya ɗora yatsa a gefen faifan ɗaya ya rage masa gudu, sannan ya saki ya koma kan ɗayan. Da haka aka yi hucin da ke cikin Itchycoo Park ta ƙungiyar Small Faces a situdiyon Olympic da ke Landan a 1967, tun kafin a ƙirƙiro BBD. Fedojin analog da suka fito bayan kusan shekara goma su ma ƙoƙari ne na kwaikwayon tef, kuma akwai abu ɗaya da yawancinsu ba su iya ba.

Abin shi ne, a na'urorin tef biyu, wanda ke baya yana iya kamo na gaba, su daidaita daram, har ya wuce shi. Yayin da jinkirin ke matsowa sifili, ramukan suna hawa sama har su fice daga abin da kunne ke ji, kuma idan an juya fuskar ɗaya daga cikin sautukan biyu, wato ya zama kishiyar ɗan'uwansa, a daidai wurin haɗuwar suna kashe juna kusan gaba ɗaya, sautin ya shaƙe na ɗan lokaci sannan ya dawo ta ɗaya ɓangaren. Fedar BBD ta gargajiya ba za ta taɓa kaiwa sifili ba, saboda sautin da ya wuce kai tsaye kullum shi ne a gaba, wanda aka jinkirta kuwa ko agogo ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa sai ya ɗauki lokaci kafin ya ratsa kafasita 1024. Don a samu wucewa ta sifili sai an jinkirta ɓangarorin biyu duka. Akwai masu ƙira da suka yi haka da analog, kamar kamfanin Foxrox da fedarsa Paradox TZF da kuma kamfanin Chase Bliss da fedarsa Spectre, amma suna da tsada kuma sai an yi layin jinkiri biyu. A dijital wannan aiki ne mai sauƙi, shi ya sa ake samunsa a Strymon Deco ta 2014, da Pyramids ta EarthQuaker Devices, da ma Vortex ta TC Electronic wadda ba ta kai su kuɗi ba.

Saboda haka, Malam Sallau, tambayar da zan mayar maka ita ce wane faifai ne ya sa ka sha'awar filanja. Idan jita kaɗai kake jin tana huci a cikinsa, ganguna da murya suna nan yadda suke, to mai yiwuwa feda ce ta BBD, kuma BF-2 za ta kai ka kusa. Idan kuwa dukan kiɗan ne ke shaƙewa ya buɗe, har da farantin ganga da murya, to aikin tef ne aka yi a situdiyo, kuma dijital mai wucewa ta sifili ta fi kowace tsohuwar analog kusa da shi. Ka lura dai BF-3 ba don wannan aka yi ta ba. Abin da take da shi, ban da yanayin Standard da ke bin sawun BF-2, shi ne Ultra mai zurfin tafiya, da Gate/Pan mai yanyanka sauti yana jefa shi dama da hagu, da Momentary da ke aiki muddin ƙafarka tana kan fedar, ga mafita biyu na sitiriyo, ga ramin shigar jitar bes daban, kuma kana iya buga mata saurin tafiya da ƙafa ya dace da kiɗan.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A wurin ɗaukar sauti, abin da ya fi ba ni wahala da tsofaffin fedoji shi ne ba ka da iko da inda tafiyar take a lokacin da ka taka, saboda tana ta zagayenta ko fedar tana kunne ko tana kashe. Mai jita zai yi ɗauka mai kyau, amma hucin ya kai ƙololuwa a tsakiyar baiti maimakon ƙarshensa, a sake ɗauka kuma ya faɗa wani wurin daban, ba za a iya haɗa su ba tare da an ji ɗinkin ba.

Game da jeri kuwa, filanja tana sassaƙa ne a cikin muryoyin da sautin ya zo da su, kuma distoshin shi ke yawaita waɗannan muryoyin. Idan ka sa ta bayan distoshin, hucin yana fitowa fili ƙwarai, idan ka sa ta gaba, distoshin yana danne ramukan ya cike wasu, sai ka samu motsi mai laushi a cikin gurnanin. Babu wanda ya fi wani daidai, amma akwai sharaɗi: aisi ɗin BBD da ke cikin feda mai aiki da volt 9 ba shi da wurin ɗaukar sauti mai ƙarfi sosai, saboda haka idan ka buɗe fitar fedar distoshin har ƙarshe ka tura masa, zai fashe ta hanyar da ba ta da daɗi. Dijital mai kyau ta fi haƙuri da wannan, ko da yake ita ma idan ta kai iyakarta fashewarta ta fi muni. Fedar maimaita sauti kuwa ka bar ta a ƙarshe.

Illa_Damagaram, Zinder

Gaisuwa ga kowa. Ni ma a fili nake wasa, irin kiɗan jitar da ake yi a bukukuwa daga nan har Agadez, inda yatsu ke gudu a kan tsirkiya kuma ana so kowane bugu ya fito tsaf, saboda haka zan taɓa tambayar Malam Sallau ta biyu kawai.

A ganina, rabin abin da Baba Injiniya da Malama Rahila suka bayyana ba ya isa kunnen mai rawa. Fili ba shi da bango da zai dawo da sauti, sifikun haya sukan zo da ƙahon sama mai tsananin kaifi ko kuma wanda ya mutu, ga ganguna suna cinye tsakiya. Ɗan shuu ɗin analog ba wanda zai ji shi a kan ƙarar janareto, kuma sitiriyon BF-3 ba shi da amfani ga mai amfilifaya ɗaya. Abin da ke isa kunne shi ne abu biyu: ko jitarka ta nutse lokacin da ka taka fedar, da kuma ko ta soki kunnen mutanen da ke kusa da sifika. A kan na farko, wasu tsofaffin analog suna rage ƙarfin sauti idan an taka su, tsohuwar Electric Mistress ta yi suna da wannan, don haka ka gwada ka taka ka saki kana sauraron ƙarfin kawai. A kan na biyu, da sifika mai kaifi na fi samun kwanciyar hankali da analog, domin ko na yi ganganci da Res ba ta cika yin tsuwa ba.

Wucewa ta sifilin da Malama ta yaba abu ne mai daɗi a belun kunne, amma a biki, idan jita ta shaƙe ta ɓace na rabin daƙiƙa a tsakiyar waƙa, mai miksa zai zaci waya ce ta saki, ya tashi yana jijjiga jak.

Ga irin kiɗanmu mai gudu, saitin da ke yi mini aiki shi ne Rate a ƙasa sosai, Depth kusan rabi, Res bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sannan in yi ta juya Manual har in sami wurin da tsirkiyoyin sama ke walƙiya ba tare da na ƙasa sun yi kumburi ba. Da irin wannan saitin, gaskiya ko wacce ka ba ni a cikin biyun zan yi wasa da ita. Abin da ya sa nake riƙe da analog shi ne batir. Tana shan wuta kaɗan, batir ɗaya na volt 9 yana kai ni bukukuwa da dama, kuma idan janareto ya fara shaƙewa wuta tana hawa da sauka, ni ba ruwana. Dijital ta fi ta ci nesa ba kusa ba, manyan irin na Strymon ma ba su da gurbin batir, adafta mai ba da miliamfiya 250 ko fiye suke bukata. Kuma idan wuta ta yi ƙasa, analog takan fara dushewa ne a hankali ka ji ta, dijital kuwa tana iya ɗaukewa ɗif ta sake tashi, sautin ya yanke a tsakani.

Sallau_Jita, Kaduna

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, Malama Rahila da Malam Illa. Faya-fayan da nake saurare jita kaɗai ke huci a cikinsu, kuma amfilifayata ɗaya ce, saboda haka hankalina ya fi karkata ga BF-2. Na koma shagon da jitata da adaftata ta volt 9 da nake raba wa sauran fedojin, sai na lura da abubuwa biyu. Idan na sa mata adaftar ita kaɗai, ɗan jan fitilarta yana ci dishi-dishi kuma sautin yana ɗan fashewa idan na buga da ƙarfi, amma da batir fitilar tana haske sosai. Sannan idan na jona ta tare da fedar maimaita sauti, wadda dijital ce, ina jin wata siririyar tsuwa tana hawa tana sauka ko ban taɓa tsirkiya ba. Mai shagon ya ce haka duk analog suke. Baba Injiniya, wannan lalacewa ce ko kuwa?

Injiniya_Buba, Jos

Malam Sallau, ba haka duk analog suke ba, amma kuma abin da ka gani ba lallai lalacewa ba ne. Ka juya fedar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Idan an rubuta ACA a wurin adafta, to tana cikin waɗanda aka ƙera kafin wajen 1997, kuma su an yi su ne don tsohuwar adaftar Boss da ke fitar da kusan volt 12, sai aka sa rezisto da dayod a ciki su rage wutar ta dawo 9. Idan ka ba ta volt 9 daga waje, waɗannan biyun suna ƙara rage ta, aisi ɗin ya samu abin da bai ishe shi ba, fitila ta dushe, sauti ya fashe da wuri. Batir ba ya bi ta wannan hanyar, shi ya sa ka ga haske. Maganin ɗaya ne daga cikin uku: ka yi amfani da batir, ko ka ba ta volt 12 idan ita kaɗai ce a kan adaftar, ko mai gyara ya tsallake rezisto da dayod ɗin da 'yar waya, aikin da ba ya cin minti goma, daga nan ta zama ta volt 9 zalla kuma kada a sake ba ta 12. A kowane hali ka tabbata tsakiyar bakin adaftar shi ne negatif, domin adaftocin da ake sayarwa a kasuwa don wasu na'urori da yawansu akasin haka suke.

Tsuwar kuwa daga haɗuwar agogo biyu take. Agogon BBD yana gudu can sama da abin da kunne ke ji, fedarka ta dijital ita ma tana da nata, haka ma adaftar idan irin marar nauyin nan ce da ba ta da babbar taransifoma. Idan suna shan wuta daga waya ɗaya, gudun ɗaya yana gogar na ɗaya, bambancin da ke tsakaninsu ya faɗo cikin abin da kunne ke ji, kuma da yake agogon filanjar yana hawa yana sauka, tsuwar ma sai ta bi shi. Don ka tabbatar, ka bar fedar maimaita sauti a kan adafta, ka sa wa BF-2 batir, ka cire mata wayar wuta. Idan tsuwar ta tafi, fedar lafiyarta ƙalau, abin da kake bukata shi ne raba musu wuta. Idan ta zauna, ko kuma kana jin ƙas-ƙas a daidai lokacin da tafiyar ke juyawa, to kafasitocin da ke tace wuta a cikinta sun tsufa, abin da ba mamaki ga fedar da aka fara ƙerawa a 1980, kuma canza su ba shi da tsada, sai dai ka sa a rage maka kuɗin aikin daga farashin.

Kafin ka biya, ka mayar da Depth sifili, ka juya Manual a hankali daga farko zuwa ƙarshe kana buga tsirkiya ɗaya, ya kamata launin sautin ya canza santsi ba tare da ya yanke ko ya yi ƙara a wani wuri ba, idan ya yi ƙarar yashi kuwa ƙurar hunturu ce a cikin maɓallin, ana fesa masa mai wankewa. Sannan ka buɗe Res har ƙarshe: ta yi kuka mai kauri, amma kada ta ɓarke da ihu ita kaɗai. Idan ta ɓarke, ko sautin da aka jinkirta yana fashewa ko da sabon batir, alama ce wani ya taɓa ƙananan maɓallan saitin da ke kan allon ciki, waɗanda ba a daidaita su da kunne kawai, sai da na'urar awo. Ka roƙi mai shagon ya kwance kusoshi huɗun da ke ƙasa ka leƙa, ka ga MN3207 da MN3102, aisi ɗin agogonta, suna wurinsu, ka duba ko ruwan tsohon batir ya ci allon.

Tun da ka fara sha'awar tsofaffin kaya, ka riƙe wannan ma don gaba: MXR M117 ta asali da tsohuwar Deluxe Electric Mistress suna zuwa da wayar wutarsu a jiki, kuma waɗanda aka yi don kasuwar Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce. Duk wadda ta zo hannunka a cikin irinsu, ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar, ka nemo taransifomar rage wuta kafin ka kai ta soket.